Awannin da Ba Mai Biya: Ma'aikatan Falasɗinu a Shingayen Asuba

Tsakanin Baitalami da birnin Ƙudus tafiyar ba ta wuce kilomita 10 ba, kuma in da hanya a buɗe take, da mai mota ya yi ta a cikin sulusin awa ba tare da ya matsa wa kansa ba. Amma shekara da shekaru, Bafalasɗinen da yake bukatar ƙarfe 7 na safe ta same shi a bakin aikin gini a Ƙudus, ko birkila ne shi, ko mai ɗaurin rodi, ko mai yaɓen siminti, ko kuwa leburan da ke miƙa musu kaya, ba shi da wata dabara face ya bar shimfiɗarsa tun ƙarfe 2 ko 3 na dare, ya nemi motar haya a cikin duhu, ya je ya bi sahu a wurin da ake kira Shinge na 300, wanda ke arewacin garin, a jikin doguwar katangar kankare. Wanda ya taso daga ƙauyukan kudu, wajen Halil, dole ya riga wannan ma tashi. Al'amarin kuwa bai tsaya a Baitalami ba, gama haka yake a Ƙalandiya tsakanin Ramallah da Ƙudus, haka a Eyal kusa da Ƙalƙiliya, haka a Irtah kusa da Tulkarem, da Tarƙumiya ta yammacin Halil, da Jalama ta arewacin Jenin. Duk wanda ya ga hotunan waɗannan wurare, maza dubbai a matse a bayan sandunan ƙarfe, abin da zai fara zuwa masa shi ne mutane sun yi yawa, ƙofa ta yi kaɗan; wannan gaskiya ne, sai dai bai kai ga musabbabin abin ba, domin sauran a san me ya tara mutanen nan duka a ƙofa ɗaya a sa'a ɗaya, kuma wane ne ya ƙayyade faɗin ƙofar.

Ya kyautu a fara sanin siffar wurin kamar yadda ya kasance kafin gyaran da aka yi masa a 2019. Mai zuwa yakan fara tarar da 'yar kasuwar dare, ga masu shayi da gahawa, ga masu burodi mai riɗi, ga masu tuyar falafel da masu sigari, kowa da fitilarsa, domin duk inda jama'a ta taru, ko da a kan tilas ne, wani ya sami abinci. Daga nan sai a shiga wani dogon lungu mai ɗan hawa, wanda aka kafa wa sandunan ƙarfe dama da hagu, aka rufe samansa da kwano, faɗinsa bai fi mutum biyu ko uku su jera ba, alhali ɗaruruwa ne a cikinsa. A ƙarshen lungun akwai ƙofar ƙarfe mai juyawa, wadda aka yi ta don mutum guda a kowane juyi, kuma ikonta ba ya hannun mai wucewa. Wani soja ne da ke zaune a ɗaki mai kaurin gilashi yake danna mata maɓalli. Koriyar wuta ta kama, wasu su kutsa. Jar wuta ta kama, ƙarfe ya ƙame, wani lokaci ma da mutum a tsakiyarsa, ba gaba ba baya. Na can baya ba su san an tsayar ba, sai su ci gaba da turowa, nauyin sahun duka ya sauka a ƙirjin na gaba, shi ya sa ake samun sumewa da karayar haƙarƙari, shi ya sa kuma samari masu ƙarfi kan kama sanduna su ɗare, su bi ta saman kawunan dattawa su dira a gaba, abin da kan jawo zage-zage da dambe tsakanin mutanen da masifa ɗaya ta haɗa. A shekarar 2014 ma'aikata biyu suka rasa rayukansu a cikin matsin shingen da ke kusa da Tulkarem, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshenta.

Wanda ya tsallake ƙofar farko bai gama ba. Akwai wata a gabanta, sa'an nan na'urar gano ƙarfe, inda mutum zai kwance bel, ya zube tsabar kuɗi da waya, ya ɗora ledar abincinsa ta bi ta na'urar haske. Daga nan sai tagogin tantancewa, inda zai manna katinsa a gilashi, ya ɗora yatsa a kan na'ura, ya jira kwamfuta ta yarda cewa shi ne shi, kuma izininsa bai mutu ba. Tagogin suna da yawa, amma sau tari kaɗan daga cikinsu ne ke da ma'aikaci a ciki. In ya fito ta ɗaya gefen, ba motarsa zai shiga ba, gama motar Falasɗinawa mai farar lamba da koren rubutu ba ta ƙetarawa. Sai ya nemi ƙaramar bas mai lambar rawaya wadda ɗan kwangila ya turo, ita kuwa tana da lokacinta, ba ta jiran wanda ƙarfe ya riƙe. A nan bakin titi mafi yawansu kan yi sallar asuba, a shimfiɗa kwalaye a ƙasa, wani ya shige gaba, a yi sahu da takalman aiki a gefe, a idar, wanda ya zo da wuri ainun ya kishingiɗa a kan kwalin nan ya ɗan runtsa kafin mota ta iso. Masu ziyara da ke zuwa daga Nijeriya da sauran ƙasashe su ga Cocin Haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta jikin wannan shingen manyan motocinsu kan bi, ta hanyar motoci, da rana tsaka, a cikin 'yan mintoci, su koma gida ba su taɓa sanin abin da ya gudana a wancan lungun da ke gefensu kafin fitowar rana ba.

Ba da wannan tsari aka fara ba. Bayan yaƙin watan Yuni na 1967, sa'ad da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gaza da gabashin Ƙudus, ra'ayin Moshe Dayan, ministan tsaro na wancan zamani, shi ne a buɗe wa mutanen yankunan ƙofar aiki, bisa lissafin cewa mai albashi da iyali ba ya saurin tayar da fitina. A 1972 aka ba da izini na gama-gari, kowa ya shiga ya fita yadda ya so, da sharaɗin kada ya kwana. Kafin shekarun 1980 su ƙare, wajen sulusin ma'aikatan yankunan a cikin Isra'ila suke neman abinci, a Gaza ma fiye da haka. Da boren Intifada ya tashi a Disamban 1987 sai aka soma tsukewa: a 1989 aka ɗora wa mutanen Gaza katin shaida na musamman, a Janairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, aka soke izinin gama-gari aka ce kowa ya nemi nasa da sunansa, a Maris na 1993 kuma aka rufe yankunan baki ɗaya aka kafa shingaye. In za a faɗe shi da harshen malaman usulu, hukuncin asali ne ya juye: da can asalin tafiya halacci ne sai abin da aka hana, daga nan kuwa asali ya zama hani, sai wanda aka yi wa rangwame. Abin lura shi ne wannan juyi ya kafu ne a daidai shekarun da ake ta murnar yarjejeniyar Oslo, wadda aka sa wa hannu a Satumban 1993. Bore na biyu ya ɓarke a Satumban 2000, a 2002 aka fara gina katanga, wani wuri kankare, mafi yawan wurare shingen waya, a kan layin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 700, watau fiye da ninki biyu na iyakar 1949 da ta raba Isra'ila da Gaɓar Yamma, sabili da kwane-kwanen da ta yi don ta rungumo matsugunan Yahudawa. Kusan kashi 85 cikin 100 na layin a cikin Gaɓar Yamma yake. Ranar 9 ga Yulin 2004 Kotun Duniya ta ba da fatawa cewa ginin ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, amma aka ci gaba da gini, kuma a jikin katangar aka buɗe 'yan ƙofofin nan da muke magana a kansu.

To, a nan ne asalin cunkoson yake, kuma sharuɗɗa uku ne suka haɗu suka haife shi. Masu gine-gine da masu gonaki da masana'antu na Isra'ila suna bukatar hannun Bafalasɗine, kuma suna bukatarsa da sassafe, gama aikin gini tun da sanyin safiya ake fara shi. Hukuma kuwa ba ta son jikinsa ya kwana a ƙasarta, don haka mafi yawan takardun izini, kafin a dakatar da su a 2023, na yini ne, a shiga da asuba a fita da yamma, kaɗan ne ke da izinin kwana. Sa'an nan kowa an ɗaure shi da shingen da zai bi, mafi yawan shingayen ma'aikata kuwa sai wajen ƙarfe 4 suke buɗewa. Ɗan ci-ranin ƙasarmu, in ya bar ƙauye bayan kaka, sau ɗaya yake shan wahalar hanya, ya sami zaure ko rumfar kasuwa ya riƙa kwana kusa da aikinsa har damina ta kira shi gida. Shi kuwa ma'aikacin Falasɗinu an wajabta masa ya yi tafiyar ci-ranin nan duka, tafi da dawowa, a kowace rana ta Allah. Idan aka ce mutum dubu goma za su bi ta 'yan tagogi a cikin awa uku, ba sai an kira masanin lissafi ba kafin a san abin da zai faru. Ranar Lahadi ta fi kowace rana tsanani, domin ita ce farkon mako a can bayan hutun Asabar, ranar da masu izinin kwana ma suke komawa da jakunkunansu. A lokutan bukukuwan Yahudawa kuma, irin su Yom Kippur da Idin Ƙetarewa, akan rufe ƙofofin ɗungurungum, kwanakin nan su tafi ba aiki ba lada.

Amma ƙuncin ƙofa kaɗai bai isa ya bayyana turereniyar ba. Sai an dubi abin da ke tura mutum daga baya, watau takardar izini, wadda su suke kira tasrihi. Gwamnatin Isra'ila ce ke yanke adadin da za a bai wa kowane fannin aiki, mafi yawa na gini ne. An daɗe ana sharɗanta wa mai nema ya zama magidanci kuma ya kai wasu shekaru, ko da yake an riƙa sassauta shekarun a hankali. Dole kuma hukumar leƙen asiri ta Shabak ta wanke shi, in ta hana kuwa ba ta faɗin dalili, kuma an sha soke izinin dangin wanda ya kai hari, ko na mutanen ƙauyensa, alhali ba su ji ba ba su gani ba. Mafi muni shi ne shekaru da yawa takardar da sunan ubangidan aiki take fita, shi ke nema, shi ke iya sokewa, wanda hakan ya buɗe wa dillalai kasuwa: ɗan kwangila ya karɓi takardu fiye da bukatarsa, ya miƙa rarar ga dillali, dillali ya sayar wa mai neman aiki. Binciken da Babban Bankin Isra'ila ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 30 cikin 100 na masu izini saye suke yi, a kan kimanin shekel 2,000 kowane wata. Don a gane nauyin wannan adadi, mafi ƙarancin albashi a ƙarƙashin Hukumar Falasɗinu a lokacin shekel 1,450 ne a wata, sai a 2022 ya koma 1,880, na Isra'ila kuwa 5,300. Ashe kuɗin da mutum ke biyan dillali don a bar shi ya yi aiki ya zarce mafi ƙarancin albashin wata guda na ɗan'uwansa da ya zauna a gida. Kuɗin dillali kuwa ba ruwansa da ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, wata ya ƙare sai ka biya. Saboda haka mutumin da ke danna ƙirjinsa a bayan wani a cikin lungun nan ba rashin tarbiyya ke damunsa ba. Ya san in motar ɗan kwangila ta tashi babu shi, ladan yini ya tafi, bashin dillali yana nan, in abin ya maimaitu kuma akwai mutum goma da ke jiran gurbinsa. A ƙarshen 2020 an yi gyara a fannin gini, aka ce izini ya zama na ma'aikaci, yana iya sauya ubangida, amma dillalan ba su gushe ba, domin ko bayan gyaran sai wani ya yi rajistarka kafin takarda ta rayu.

Mai karatu yana iya cewa, in wahalar ta kai haka, me ya hana su zauna su yi aiki a gida? Jawabin yana cikin yadda aka ɗaure tattalin arzikin yankin. Yarjejeniyar Paris ta 1994 ta bar Falasɗinawa a cikin da'irar kwastan ɗaya da Isra'ila, ba su da kuɗin kansu, shekel suke kashewa, ba su da iyaka ko tashar ruwa da ke hannunsu, don haka suna sayen kaya da farashin da ya kusa na Isra'ila suna karɓar albashin da bai kai rabin nata ba. Yarjejeniyar 1995 kuma ta raba Gaɓar Yamma kashi uku, kashin da ake kira C, wanda ya kai wajen 60 cikin 100 na ƙasar, inda mafi yawan filayen noma da ma'adinan dutse da kwarin Kogin Urdun suke, ya zauna a hannun Isra'ila, da wuya Bafalasɗine ya sami izinin gini a cikinsa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2013 cewa wannan hani yana jawo asarar kimanin dala biliyan 3.4 a shekara. Da haka ne mai digiri kan ajiye takardunsa ya ɗauki cebur, da haka ne kuma dubbai suke gina gidaje a cikin matsugunan da aka kafa a kan filayen ƙauyukansu. Na san akwai masu ganin wannan abin kunya ne. A ganina wanda bai taɓa rasa abin da zai kai wa 'ya'yansa ba ya kamata ya sassauta harshe a kan mai larura, gama larura tana da hukuncinta, kuma wanda ya jefa mutum a cikinta ya fi cancantar tambaya.

Adalci ya wajabta a ji hujjar ɗaya ɓangaren. Isra'ila tana cewa shingaye da katanga sun zo ne bayan hare-haren ƙunar baƙin wake da suka ci motocin bas da gidajen abinci a lokacin bore na biyu, irin wanda aka kai wani otal a Netanya a Maris na 2002, a daren idi, ya kashe mutum 30. Tana cewa hare-haren sun ragu ainun bayan an gina katanga, kuma kowace hukuma tana da haƙƙin ta binciki mai shiga ƙasarta. Jinin farar hula jini ne ko na wane ne, ba kuwa mai hankalin da zai ce tsoron ƙarya ne, ko da yake masana sun yi saɓani a kan ko katangar ce ta rage hare-haren, ko tsagaita wutar 2005 da haɗin kan jami'an tsaron Hukumar Falasɗinu. Sai dai hujjar tana da iyaka. Mutanen da ke cikin sahun asuba su ne waɗanda aka fi tacewa a duk yankin, an san sunansu da zanen yatsunsu da danginsu, kuma shugabannin sojan Isra'ila da kansu sun sha ba gwamnatinsu shawarar a ƙara yawan takardun, domin sun lura da wuya a sami mai izini a cikin masu kai hari. Haka nan an yi shekaru, har zuwa farkon 2022, shingen waya yana da ɓaraka a wurare da dama, dubban marasa izini suna bi ta nan kullum safiya a kan idon soja, ba a toshe ba sai da aka kai wasu hare-hare. Shingen Ƙalandiya kuwa da na Baitalami ba a kan iyakar 1949 suke ba. A cikin ƙasar da aka mamaye suke, suna raba Bafalasɗine da gabashin Ƙudus. Ko an sallama cewa bincike wajibi ne, tsaro ba ya bayyana dalilin da zai sa taga ta zauna a rufe mutane suna suma a waje.

Abin da ya fi bayyana shi, a nawa fahimtar, shi ne babu wanda wannan jinkiri yake ci wa kome daga cikin masu ikon gyara shi. Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun bambanta tsakanin wanda aka ɗauka don ya gama wani aiki da wanda aka ɗauka don ya ba da lokacinsa, suka ce shi na biyun ya cancanci lada da zarar ya miƙa kansa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba, domin lokacin mutum dukiya ce. To, ga mutum ya bar gida ƙarfe 3 na dare, bai dawo ba sai bayan magariba, awa goma sha biyar ko sha shida ke nan, ana biyansa ladan takwas. Ya fita 'ya'yansa suna barci, ya dawo da sauran ƙarfin da bai wuce na cin abinci da sallar isha'i ba. Ɗan kwangila bai biya awannin nan ba, hukumar da ta kafa shinge ba ta biya ba, mai sayen gidan da aka gina bai biya ba, ma'aikaci kaɗai ya biya, da barcinsa da lafiyarsa, sa'an nan ya hau saman bene mai hawa goma da idon da bai ƙoshi da barci ba, a fannin aikin da ya fi kowane cin rayuka a Isra'ila, wanda kuma Falasɗinawa suke da babban kaso a cikin mamatansa. Rashin tabbas ma ya fi tsawon jiran cutarwa. In da mutum ya san kullum awa ɗaya zai yi, da ya tsara rayuwarsa a kan haka. Amma yau minti ashirin, gobe awa uku, ba sanarwa ba dalili, don haka tilas ya yi wa kowace rana shirin mafi munin rana, kowa kuma ya yi irin wannan lissafi, sai duk su zo da wuri, zuwan nasu da wuri ya zama shi ne cunkoson da suke gudu.

Wa ma'aikaci zai kai wa ƙara? A shinge ɗaya akan sami soja, da 'yan sandan iyaka, da jami'in hukumar soja mai kula da farar hula, tun tsakiyar shekarun 2000 kuma aka miƙa da yawa daga cikin shingayen ga kamfanonin gadi masu zaman kansu a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kowa yana cewa abin ba a hannunsa yake ba. Shi kuwa mai tsayuwa a sahu ba shi da ƙuri'a a zaɓen gwamnatin da ke da maɓallin, tasa hukumar ta Ramallah kuma ikonta bai kai bakin ƙofar ba. Shi ya sa mafi yawan abin da duniya ta sani game da waɗannan asubahi daga 'yan sa-kai ya fito, musamman ƙungiyar matan Isra'ila ta Machsom Watch, wadda aka kafa a 2001, mata da yawansu tsofaffi, da kan tashi da duhu su je su tsaya da littafi da alƙalami suna rubuta ƙarfe nawa aka buɗe, taga nawa ke aiki. Da masu sa ido na Majalisar Coci-coci ta Duniya. Da ƙungiyar Kav LaOved mai bin haƙƙin ma'aikata. Sau da yawa wayar da ɗaya daga cikin matan nan za ta buga wa wani hafsa ita ce ke sa a ƙara buɗe taga, sahu ya motsa nan take, wanda ya nuna tun farko buɗewar ba gagara ta yi ba.

A 2019 aka sake gina shingen Ƙalandiya da na Baitalami, aka faɗaɗa zauruka, aka sa ƙofofi masu aiki da kansu, mutum ya ɗora kati, kyamara ta dubi fuskarsa, ƙofa ta buɗe. Gaskiya ita ce abin ya yi sauƙi ƙwarai, jiran awa biyu ya koma na mintoci a mafi yawan ranaku, kuma wanda ya raina wannan sauƙi bai taɓa tsayuwa a lungun ba. Amma gyaran da kansa shaida ne cewa wahalar shekara goma sha wani abu da aka sha kafinsa ba ƙaddarar da ta gagari ɗan Adam ba ce, kuɗi da niyya kawai take jira. Kuma farashinsa shi ne fuskar kowane ma'aikaci ta shiga rumbun kwamfutar soja. Wata shaidar ta zo a Maris na 2020, da annobar korona ta sauka: da aka ga gine-gine za su tsaya, nan da nan aka yarda dubban ma'aikata su kwana a cikin Isra'ila makonni a jere, abin da aka daɗe ana cewa tsaro ba zai lamunta ba.

Kafin 7 ga Oktoban 2023, Falasɗinawan Gaɓar Yamma da ke aiki a Isra'ila da matsugunai sun haura 150,000, ga kuma wasu kimanin 18,500 daga Gaza da ke da izinin bi ta shingen Erez. Bayan harin da Hamas ta kai a ranar, aka dakatar da takardun kusan baki ɗaya a yini guda. Mutanen Gaza da abin ya rutsa da su a wuraren aikinsu aka tsare dubbai daga cikinsu, aka mayar da su Gaza a watan Nuwamba, ana tsakiyar yaƙin da ya biyo bayan harin. Rashin aiki a Gaɓar Yamma ya tashi daga wajen kashi 13 cikin 100 zuwa fiye da 30, kantuna suka daina ba da bashi, masu shayin bakin shinge suka naɗe kayansu. Isra'ila ta juya wajen Indiya da Sri Lanka neman magina, kamar yadda ta ɗebo mutanen Romaniya da Tailan da Sin a shekarun 1990, masu kamfanonin gini suna kukan aiki ya tsaya, hukumomin tsaro suna ba da shawarar a dawo da wasu, ministocin da ke da tsattsauran ra'ayi suna ƙi. Waɗanda yunwa ta fi ƙarfinsu suka koma biyan masu fasa-ƙwauri, suna hawa katanga mai tsawon mita 8 da tsani su sauka da igiya a wajen garin Ram, arewa da Ƙudus, wasu su karye, wasu a harbe su. Ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya ta sake ba da fatawa, wannan karon cewa zaman Isra'ila a yankunan ya saɓa wa doka, a Satumban shekarar kuma manyan ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suka kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙoƙin ma'aikata fiye da 200,000 da aka riƙe. A cikin wannan rufewa duka, wuraren da aka fara yarda Falasɗinawa su koma aiki da dubbansu, tun watannin farko na yaƙin, su ne masana'antu da gine-ginen matsugunan Yahudawa da ke cikin Gaɓar Yamma.